Askin da Na Yi wa Dardumar Inna

Ni mai aski ne, kuma a duk layinmu babu hannun da ya kai nawa. In na daidaita wa mutum gashin goshi, sai ka rantse da rula aka ja. Mutanen gidanmu Gwani suke kirana. Na ɗauka yabo ne, har yanzu ma haka nake ɗauka, sai dai na lura in za su faɗa sukan ɗan kalli juna tukuna.

Gidan haya muke, mai bene. Mu ne a sama, ni da maiɗakina da mahaifiyarta, wadda duk muke kira Inna. A ƙasa akwai Tela da matarsa, shagonsa yana jikin nawa. Sai Mai Faci, da ke zaman bakin ƙofa da famfonsa da bahon ruwansa. Ba ya kwana a gidan, amma babu abin da ke faruwa a ciki da bai sani ba.

Inna masaƙiya ce. Masaƙarta tana lungun falonmu, kuma tun bara take kan wata darduma ta ulu, ja da baƙi da fari, mai tsawon da mutum uku za su zauna su miƙe ƙafa. A kowane baki ta saƙa jerin fararen tsuntsaye masu dogayen ƙafafu, ƙafafun suna kallon waje. 'Yarmu ta fari, wadda ke makaranta a wani gari, aurenta ya kusa, ita Inna take yi wa. Abin da ya sa dardumar ta fi sauran daraja, yanar ido ta rufe wa Inna gani tun tana tsakiyar aikin, da lalube ta ƙarasa. Takan shafa da yatsu ta tambayi maiɗakina, "Wannan ja ne ko baƙi?" sannan ta ci gaba.

Ranar da ta sauke dardumar daga masaƙa, ranar aka kira ta asibiti za a yi mata aikin ido. Ita da 'yarta za su ɗan kwana biyu a gidan ƙanin maiɗakina, kusa da asibitin, har a cire bandeji. Na durƙusa ina yi mata fatan alheri.

"Ki gaya wa mijinki," in ji Inna, alhali ga ni a gabanta, "dardumar nan ba a gama ba. Saura baki. In na dawo da idona zan ƙulla abina. Kada ya taɓa."

Na ce, "Inna, ai ƙulli ne kawai, da kin bar mini..."

"Ki gaya masa ban tambaye shi ba."

Maiɗakina ta ɗauki jaka ta dube ni. "Baban yara, ka dai ji. Ko kallonta kada ka cika yi."

Suna fita na kalle ta.

Wallahi abin ba kyan gani. Zaren tsaye ya fito ta kowane baki, buzu-buzu, wani dogo wani gajere, kamar kan wanda ya shekara bai ga mai aski ba. Inna ta ɗaɗɗaure su sako-sako, ta kuma cusa wani tsohon tsumma a ƙarshen saƙar. Na tsaya ina kallo hannuna yana ƙaiƙayi. Tsohuwa za ta dawo daga ƙarƙashin wuƙar likita, sannan a ce ta duƙa tana ƙulle-ƙulle, ga suruki irina a gida?

Na sauka shago na gaya wa Tela da Mai Faci shirina.

"Geza ce," na ce musu. "Geza kuwa gashi ce. Gashi aikin wa?"

Tela bai ɗago daga kekensa ba. "Gwani, gashi in ka yi kuskure yana tsirowa. Wannan fa?"

"Ka taɓa ganin na yi kuskure?"

Ya ɗaga hularsa ya nuna mini wani ɗan fili a bayan kunnensa.

"Motsi ka yi," na ce.

"Atishawa na yi."

"To darduma ba ta atishawa."

Na rufe shago, na kwashi mataji da almakashi da injin aski na hau sama. Na shimfiɗa dardumar a tsakar falo. Da farko na zare tsumman nan na jefar, don ban ga abin da yake yi a jikin kaya mai kyau ba. Na kwance ɗaurin Inna, na taje zaren sarai, na fesa ruwa kaɗan, na soma datsewa. Na ja baya na kalla, sai na ga hagu ta ɗan fi dama tsawo. Na rage hagu. Dama ta fi. Na rage dama. Haka muka yi ta yi har gezar ta koma kamar gemun da bai gama yanke shawarar fitowa ba.

Duk mai aski ya san abin da ake yi in kai ya ƙi daidaituwa. Na kunna inji na yi mata ƙwal-kwabo, baki da baki, sumul. Na goge da buroshi. Har na ɗauko madubi zan nuna mata ƙeyarta kafin in tuna.

Na ɗaga ta in ga yadda ta yi. Sai wani jan zare ya sulale daga ƙarshen saƙar ya yi lilo, kamar igiyar wando. Na ja shi don in cire, ya biyo ni daga wannan gefe zuwa wancan, ya juyo, ya sake komawa. Na yi ta ja. Da na tsaya, sai ga zaren tsaye ya sake bayyana a baki, tsawon ɗan yatsa.

Na ruga baranda. "Tela! Tela! Kai da ka ce ba ya tsirowa, zo ka gani!"

Bai zo ba, hassada ta hana shi. Na sake yi mata aski. Wani zaren ya sake sulalewa, na ja, gashi ya sake tsirowa, na sake askewa. Ban taɓa samun kwastoma mai saurin gashi irin wannan ba. Sai da na ga tarin zare a gefena ya kai girman matashin kai sannan jikina ya ɗan yi sanyi.

Ana haka matar Tela ta hawo za ta yi shanya a barandarmu. Ta leƙo falo, ta tsaya da bokiti a hannu.

"Gwani, ina ƙafafun tsuntsayen?"

"Zaune suke."

"Jiya a tsaye na gan su."

"Sun gaji. Ke in kika shekara a tsaye ba za ki zauna ba?"

Ta ajiye bokitin ta sauka da gudu, ba don ta kawo taimako ba, don ta riga kowa ba da labari.

Mai Faci ne ya hawo. Ya tsuguna, ya shafa bakin dardumar, ya kaɗa kai irin na likita.

"Tsiyaya take yi," ya ce. "Ni kuwa tsiyaya ba ta gagara ta. Ka ba ni minti kaɗan."

Na ce, "Dama abin da nake shirin cewa ke nan."

Ya dawo da gwangwanin gam ɗin faci da tsohuwar robar cikin taya. Muka yanka robar dogo-dogo, muka shafe bakin dardumar da gam sama da ƙasa, muka naɗe da robar. Falo ya ɗauki wari har idona yana ruwa. Mai Faci ya ce dole a danne sai ya kama. Ba mu da abin dannewa, sai ya zauna a wancan baki, ni na zauna a wannan, muna fuskantar juna kamar masu jiran abinci. Na yi ta ba shi labarin manyan mutanen da na yi wa aski. Shi kuma yana gyangyaɗi.

Wayata ta yi ƙara a kan tebur. Na yunƙura zan tashi, dardumar ta tashi tare da ni. Mai Faci ya yi baya, ya tashi, ita ma ta wancan gefen ta bi shi. Muka tsaya cirko-cirko, darduma tana reto tsakanin wandona da nasa.

"Matso," na ce masa. "Maiɗakina ce."

Muka taka tare, ni gaba shi da baya-baya, har na kai ga wayar.

"Baban yara, an yi aiki lafiya, an gode Allah. Inna tana tambayar dardumarta."

"Tana nan tare da ni," na ce. "Ki gaya mata ko nan da can ba na zuwa ba tare da ita ba."

"Me ya sa muryarka take haka?"

"Murna ce."

Da na kashe waya muka yi shawara. Ko a yanka wando, ko a yanka darduma. Ni na sadaukar da nawa, don ina gida. Mai Faci ya ce shi atafau, wandonsa ke nan guda na fita aiki, kuma ba zai ratsa titi da tagar baya ba. Na yi magiya, ya ƙi. Dole na sa almakashi a jikin dardumar na zagaye mazauninsa. Ya sauka ƙasa da rabin tsuntsaye uku a manne a bayansa, yana tafe suna leƙen mutane.

Tunda baki ɗaya ya samu giɓi, sai na yanke robar gaba ɗaya, na daidaita ɗaya bakin don kada ya fi ɗan'uwansa. Ni ba na barin aiki a karkace. Tsuntsayen suka koma kawuna zalla, jere, kamar suna iyo.

Da gari ya waye na tashi da sabuwar dabara. Na tuna yadda ake yi wa igiyar shanya in bakinta yana warwarewa: a kara mata wuta ta narke ta dunƙule. Na yi mamakin yadda masaƙa suka yi shekaru aru-aru ba wanda ya yi wannan tunani. Na jawo dardumar baranda don iska, na kunna kyandir, na kara.

Ulu ba ya narkewa. Ƙauri yake yi, irin na gashi, wanda ko ba komai ya nuna tun farko ina da gaskiya. Na ci gaba da bin baki da kyandir a hankali har na kai wurin da ragowar gam ya jiƙa zaren. Nan wuta ta yi bau, ta bi bakin dardumar a guje kamar an aike ta, ta lashe mini gira ɗaya a kan hanya.

"Gobara!" in ji matar Tela daga tsakar gida. "Jama'a, gobara a sama!"

Ban san mace mai jiki irin nata tana iya hawa bene da wannan saurin ba. Ta zo da bahon wanki, ruwan zafi da kumfa da wandunan Tela biyu a ciki, ta sheƙa mana ni da dardumar. Wuta ta mutu. Kafin in share idona baranda ta cika: Tela, Mai Faci, mai shagon kayan masarufi na tsallake, da wani mutum da ban taɓa gani ba riƙe da bokitin yashi.

"Kowa ya kwantar da hankalinsa," na ce, kumfa tana sauka daga kaina. "Gwaji nake yi."

"Gwajin me?" in ji mai yashi.

"Ina so in ga ko maƙwabta na a shirye suke."

Ya zuba mini yashin a ƙafa ya tafi.

Ruwan zafin nan bai tsaya kan kashe wuta ba. Jan zaren ya saki launi, ya malala cikin farin, tsakiyar dardumar ta koma kalar ciwon ido. Na matse ta, na naɗe, na saɓa a kafaɗa na sauka shagon Tela.

"Ɗan'uwa," na ce, "layi ɗaya kawai za ka bi mini da keke a kowane baki. Da ina da lokaci da ni zan yi."

"Yau ni ne ɗan'uwa?"

"Kullum kai ne."

Ya buɗe ta a kan teburinsa ya daɗe yana kallo. "Gwani, ina tsuntsayen?"

"Sun tashi."

"Sun tashi."

"Hayaƙi ne ya kore su. Tsuntsu ba ya son hayaƙi, kowa ya sani."

Don darajar Inna ya yarda, ba don tawa ba, ya kuma tabbatar na ji haka. Ya kalmashe bakin, ya cusa ƙarƙashin keke, ya taka. Allura ta haɗu da busasshen gam ta ce ƙas. Ya sa wata, ita ma ta bi 'yar'uwarta. Na ce ya matsa, ƙafarsa ce ba ta da nauyi. Kafin ya hana ni na zauna na taka da ƙarfina duka. Keken ya yi wani gurnani, ya haɗiye ulu ya cika cikinsa, ya tsaya cak. A gefe kuwa ga wata mata zaune tana jiran rigarta.

"Tashi," in ji Tela, a hankali.

"Kekenka ne tsoho."

"Tashi, Gwani."

"In da sabo ne..."

Ya ɗauki dutsen guga. Na tashi. Sai da ya yanke wani yanki na dardumar kafin ya ƙwato kekensa, ya wurgo mini saura har bakin titi.

Da rana maiɗakina ta bugo. An cire bandeji, ido ya buɗe, gobe da yamma suna hanya. "Inna ta ce ba ta taɓa ganin dardumar nan sosai ba," in ji ta. "Baƙin gilashi aka ba ta saboda haske, ta ce ba za ta cire ba sai a gaban abinta."

Na zauna a kujerar askina na kalli kaina a madubi, mutum mai gira ɗaya. Wani a matsayina da ya karaya. Ni kuwa a irin wannan lokacin ne kaina yake aiki.

Na samo salatif mai faɗi, irin na ɗaure kwali, na naɗe kowane baki sau da yawa har ya yi tauri kamar katako. Saura matsalar kala. Wannan kuwa fagena ne: na kwaɓa baƙin rinin gashi, wanda nake shafa wa dattawan da ba su yarda sun tsufa ba, kwano guda, na bi duk inda ya ƙone da duk inda ja ya malala. Da na ga baƙin ya yi yawa a gefe ɗaya, na ƙara wa ɗayan. Dardumar da take ɗaukar mutum uku ta koma ta mutum ɗaya, shi ma in ba mai jiki ba ne. Amma baki ya kamu. Na ja, bai motsa ba.

Washegari tun da safe na soma shela. Duk wanda ya zauna a kujerata sai na gaya masa na ƙirƙiro hanyar gama darduma ba ƙulli ba allura, kuma da yamma zan nuna wa duniya daga barandata. Labarin gobarar ya riga ya zaga, saboda haka ba a sha wahalar tara jama'a ba. Kafin la'asar ƙofar gidanmu ta cika. Mai shagon tsallake ya kawo benci. Mai Faci ya daina karɓar aiki, ya zauna a kan taya, tsuntsayensa a ƙarƙashinsa. Tela ya fito da farar rigarsa ya tsaya daidai ƙasan baranda ya harɗe hannu, wai yana so ya gani da kyau.

Na fito da dardumar a naɗe. Rinin bai gama bushewa ba, don na ƙara mata shafi na biyu da rana, ta yi nauyi kamar jikakken bargo.

"Jama'a," na ce, "an yi ta maganganu a layin nan. An ce mai aski ya tsaya a kan kai. Wasu har da ɗaukar dutsen guga. Ban riƙe kowa ba."

"Buɗe mu gani!" in ji wani.

"Ina girarka?" in ji wani.

Na kama baki ɗaya da hannu biyu na sake ta ta kan ƙarfen baranda. Ta warware ta yi lilo. Aka yi tsit. Na ɗauka kyau ne ya kashe musu baki.

"Wannan ita ce ta Inna," in ji matar Tela, "ko 'yarta ce?"

"Ba girma ake dubawa ba, ƙwari ake dubawa," na ce. "Ku kalli nan. Ko shekara za a yi ana kakkaɓe ta, zare ɗaya ba zai fita ba."

Na ɗaga ta sama na kakkaɓe da duk ƙarfina.

Salatif ba ya son laima, wannan daga baya na sani. Shi ya tsaya a hannuna, dardumar ta tafi. Ta buɗe a iska ta sauka a kan Tela ta rufe shi har kafaɗa. Zare ɗaya tak ya rage a manne da salatif ɗin da ke hannuna. Tela ya kurma ihu a cikin duhu ya zabura, ya yi karo da benci, ya juya ya nufi titi. Yana gudu zaren yana zarewa, layi bayan layi, ni kuma a sama na riƙe gam ina ja, don a ganina ceto nake yi.

"Sake shi!" jama'a suna ihu.

"In na saki, ta tafi!"

"Tela, tsaya!"

Tela bai tsaya ba. Ya faɗa bahon Mai Faci, ya tashi, ya zagaye turken wutar lantarki. Matarsa ta bi shi, zare ya harɗe mata ƙafa, ta kama mai shago, suka zube tare. Ulu ya cika titi, ja da baƙi da abin da a da fari ne. Da Tela ya samu ya fizge abin daga kansa, ɗan abin da ya rage bai fi tawul ba, fuskarsa da farar rigarsa sun rine, furfurar gemunsa ta tafi gaba ɗaya. Ko a wannan halin na lura rinin ya kama da kyau.

Daidai nan tasi ta tsaya a ƙofar gida.

Maiɗakina ta fito. Ta kalli titi, ta bi zaren da ido har sama inda nake tsaye da salatif a hannu. Ta buɗe wa Inna ƙofa. Inna ta sauko a hankali da baƙin gilashinta, ta ji ta taka abu mai laushi, ta duƙa ta shafa. Yatsunta sun san shi tun kafin kowa ya yi magana.

Ta miƙe ta cire gilashin. Ta kalli zaren da ke hannunta. Ta kalli Tela. Ta kalli bayan wandon Mai Faci, wanda ya juya zai sulale. Sannan ta ɗaga kai ta kalle ni, da ido tangaran, karo na farko tun bara.

"Ke," ta ce wa 'yarta, "ki kira likitan nan ki tambaye shi ko ana mayar da yana."

Titi ya fashe da dariya, har da direban tasi da bai san kan zance ba. Ni ban yi ba. Na sauko, na tarar Inna tana bin titi tana tsince zarenta tana naɗewa a hannu, ba ta kallon kowa. Dariyar ta mutu da kanta. Matar Tela ta duƙa ta soma tayawa, mai shago ma haka, har Tela da baƙar fuskarsa. Na durƙusa a gaban Inna a cikin ruwan bahon faci. Duk bayanan da na tanada suka gudu suka bar ni.

"Inna, na yi ɓarna."

Ta daɗe tana dubana. "Ashe haka kake," ta ce. "Na ɗauka ka fi haka tsawo. Miƙo hannuwanka."

Na miƙa, na runtse ido. Sai na ji tana zagaya zare a kansu, daga wannan hannu zuwa wancan.

Abin da ya ƙone ya ƙone, abin da ya sha rini ya tafi. Amma mafi yawan ulun ya wanku, har da tarin da na ɓoye a bayan kujera, wanda maiɗakina ta gano ba tare da ta nema ba. Inna ta ce za ta sake ɗora masaƙa, kuma da ido biyu ba za ta daɗe ba, za ta riga ranar auren in Allah ya yarda. Ni aka ba aikin riƙe zare. Kullum da safe kafin in buɗe shago, sai in zauna a kan 'yar kujera in miƙa hannuwa, ita tana naɗewa. Na gaya mata ban taɓa ganin wanda ya iya riƙe zare kamata ba. Ta ce a da bayan kujera ne yake yi mata wannan aikin, kuma bai taɓa yi mata surutu ba.

Tela ya yi sati ba ya amsa gaisuwata, sai da matarsa ta ce gemun ya mayar da shi saurayi sannan ya sauko. Mai Faci ya sayi sabon wando.

Sabuwar dardumar ta sauka daga masaƙa ana saura kwanaki kaɗan biki, ta ɗan fi ta farko gajarta, amma kalolinta sun fi fita. Da safiyar ranar da za a ƙulla baki Inna ta kira ni da kanta. Ta ce akwai wata allura da aikin ba zai yiwu ba sai da ita, mai ido a tsakiya da ƙugiya a kowane baki, kuma babu wanda za ta iya aika sai ni. Maiɗakina ta miƙo mini hulata tana kallon rufin ɗaki.

Na wuni a kasuwa. Na shiga wurin masu zare, masu kayan keke, masu kayan ƙarfe, har wurin masu sayar da ƙugiyar kamun kifi. Babu wanda ya taɓa jin labarinta. Na gaya wa da yawansu ba su san sana'arsu ba. Na dawo gab da magariba ƙafafuna sun kumbura, na tarar an ƙulle bakin dardumar tsaf, an murza geza, an naɗe ta, an sa a ɗakin Inna an kulle.

Na ba ta haƙuri na ce ban samo ba. Ta ce kada in damu, sun lallaɓa haka nan. Ta ce duk ranar da za ta sake gama wata darduma, ni za ta sake aika, don ta tabbata wata rana zan samo.

Ka ga ita ma ta san wanda ake dogara da shi a gidan nan.